Yadda Aka Baro Saifullahi

"Ku riƙe masa kai! Kai Cindo, juyo da motar nan!"

Sabo ne ke ihu, gwiwoyinsa a ƙasa, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin wuyan Abdurra'uf. Bakin mutumin ya karkace gefe guda, yawu na dalala a gemunsa, ƙafarsa ta dama ta saki kamar tsumma. Kofin shayin da ya suɓuce masa yana can ƙarƙashin benci. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse, nan da nan mutanen kara suka bar shanu da raƙuma suka yi musu zobe.

"Dukansa ya yi?" wani ya tambaya daga baya.

"Ko taɓa shi bai yi ba," in ji mai shayi. "Musu kawai suke yi."

"Musun Libiyan nan dai?"

"Shi fa."

Babu wanda bai san musun ba a kara. Sabo dillalin shanu ne, mutumin Ɗanzomo. Ƙanensa Saifullahi ya tafi Libiya aikin gini tare da amininsa Abdurra'uf, wanda kowa ke kira Ra'ufu. Shekarar da jiragen Turawa suka yi wa ƙasar ruwan bama-bamai, Ra'ufu ya dawo shi kaɗai. Ya ce sun rabu a wani gari tun kafin yaƙin ya yi zafi, kuma ya baro Saifullahi lafiya. Shekara goma sha uku ke nan, ba waya, ba saƙo, ba gawa. Ra'ufu ya buɗe shagon walda a Maigatari, kowace Alhamis kuwa sai sun haɗu da Sabo a teburin mai shayi, sai kuma sun yi.

Yau ma haka ta faro. Sabo ya ce, "Ƙasa tana zaune da abincinta da wutar lantarkinta, yaranmu suna zuwa suna samun na kansu, aka taso daga ƙetaren teku aka rushe ta. Bindigogin da suka hana mu bin daji da shanu, daga gidan uban wa suka fito?"

Ra'ufu ya ce, "Kai a rediyo ka san Libiya. Ka taɓa kwana a hannun sojojin Kanar da ke mulkin ƙasar? Jirgin nan da kake zagi, shi ya buɗe min ƙofa. Da bai zo ba, da yanzu ƙashina ya zama ƙasa."

"Kai ya buɗe maka. Ƙanena fa? Shi wa ya buɗe masa?"

A nan ne Ra'ufu ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. "Ƙanenka yana gefena lokacin da katangar ta..."

Bai ƙarasa ba ya zube.

Suka ɗora shi a kujerar bayan tsohuwar motar Cindo, kansa a cinyar Sabo. Cindo ya danna oda, ya kutsa tsakanin manyan motocin da ake loda wa shanu, ya hau titin Gumel.

"Hawan jini ne," in ji Cindo, yana leƙo su ta madubi. "Haka ya yi wa kawuna. Ku ma dai da neman magana, Yaya Sabo. Yaƙin da aka gama tun ban fara tuƙi ba, ku kuna nan kuna yinsa a kan shayi."

"An gama shi a gidanku. Tuƙa."

"Ni dai abin da na ji, mutumin nan shekara arba'in yana mulki, in ka yi tari ba da izininsa ba sai a neme ka a rasa. Wani ai dole ya tsawata masa."

"Da suka tsawata masa, me suka bari? Ka ga ɗaya daga cikinsu ya tsaya share wurin? Cindo, ka kalli hanya, ka bar ni da abin da ke damuna."

Abin da ke damunsa kuwa kalma biyu ce da Ra'ufu ya faɗa: yana gefena. Shekara goma sha uku Ra'ufu yana cewa ba sa tare. Sabo ya sunkuya ya kama fuskarsa da hannu biyu.

"Ra'ufu. Ra'ufu! Wallahi ba za ka mutu ba sai ka ƙarasa maganar nan. Kana jina?"

Idon Ra'ufu ya motsa, bakinsa bai motsa ba.

Sabo ya zaro waya ya kira gida. Ruƙayyatu ce ta ɗauka, matar Saifullahi. Tun tafiyarsa tana nan a gidansu, tana ɗinki a kan keke, tana kula da surukarta Inna Kande. Sau uku iyayenta suna zuwa a kan a kai maganar gaban alƙali a raba auren, sau uku tana cewa ai an ce yana nan lafiya.

"Ki hau acaɓa ki same ni a asibitin Gumel. Kada ki gaya wa Inna komai."

"Yaya, lafiya?"

"Ra'ufu ne ya faɗi. Akwai maganar da ya fara a kan maigidanki."

Sai ya ji ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

A asibiti aka karɓe shi da gaggawa, aka saka masa ruwa, aka yi masa allurai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce jininsa ya hau sosai, ɓarin jikinsa ya shanye, su yi ta addu'a. Ruƙayyatu ta iso bayan azahar, hijabinta ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanya. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙarshen gadon tana kallon mutumin da duk sallah yake aiko wa 'yarta Jannat atamfa da takalmi, amma tun bayan ranar da ya dawo bai ƙara yarda ya wuce zauren gidansu ba.

Sai da aka kira la'asar ya buɗe ido. Ya ga Sabo, ya ga Ruƙayyatu, ya yi ƙoƙarin juya fuskarsa bango, wuyan ya ƙi.

"Sannu, Ra'ufu," in ji Sabo. "Katangar. Ƙarasa."

"Yaya Sabo..." Harshensa ya yi nauyi, kalmomin suna fitowa a jajjaye. "Ruwa."

Ruƙayyatu ta jiƙa masa leɓe da cokali. "Malam Ra'ufu, ka dubi Allah. Ina Baban Jannat?"

Ya rufe ido. Da ya fara magana, sai da suka sunkuyo su biyu kafin su ji.

Ba su taɓa rabuwa ba. Suna aikin wani bene a wani gari can bayan Sabha, sojojin Kanar suka zo da mota suka kwashe duk baƙar fatar da ke wurin. Aka kulle su a wani sito, jikin ma'ajiyar makamai. Da rana su yi dakon akwatunan harsashi, in an gama a mayar da su a datse. Burodi ɗaya mutum huɗu. Wanda ya kasa ɗaga akwati, a fita da shi bayan gini, ba ya dawowa. Wata biyu suna haka.

"Rannan da hantsi muka ji ƙara a sama. Kafin mu ɗaga kai, duniya ta kife. Katangar gabas ta faɗi gaba ɗaya. Na ga rana, Yaya. Na ga fili. Masu gadi sun watse. Kowa ya ruga."

"Shi fa?"

"Rufin ya sauko ta gefensa. Dakalin siminti ya danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa."

Ruƙayyatu ta dafa ƙarfen gadon.

"Ya rasu a nan?" in ji Sabo.

"Yana magana. Ya riƙe min ƙafar wando. Ya ce, Ra'ufu, ɗaga min. Na gwada, wallahi na gwada, ko motsi bai yi ba. Akwatunan da ke ɗaya ɗakin suka fara fashewa. Na ce masa bari in kira mutane." Hawaye ya gangaro ta idon da bai shanye ba. "Ban tsaya ba sai a Agadas."

Sabo ya miƙe, ya je bakin taga, ya dawo. Ya ɗaga hannu kamar zai kai mari, ya sauke. A gadon kusa wani tsoho ya ja zanensa ya rufe kai.

"Ka shigo gidanmu," in ji Sabo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka zauna a tabarmar uwata. Ka ce mata lafiya."

"Gaisuwa ce, Yaya! Gaisuwa ce!" Ya yunƙura, tari ya sarƙe shi. "Da maganar na zo. Tun daga Damagaram nake shirya yadda zan faɗa maka, kai da liman, a zaure, bayan na sha ruwa, kamar yadda ake yi. Ba ka gida, kana gona. Inna ta ji muryata ta fito ko mayafi babu. Ta ce, Ra'ufu, sannu da hanya, ya hanya? Na ce lafiya. Ya gajiya? Na ce babu gajiya. Ya ka baro ɗan'uwanka? Me ake cewa? Kai ka faɗa min, me ake ce wa tsohuwa a bakin ƙofa? Na ce lafiya lau."

Sabo ya tuna ranar. Yana cikin gero ya jiyo guɗa daga gari. Kafin ya iso gida Inna ta yi sujada a tsakar gida, ta aika a sayo gero da sukari a yi sadaka, mata sun cika gidan suna yi wa Ruƙayyatu barka. Shi da kansa ya rungume Ra'ufu a gaban jama'a, ya yanka masa zakara.

Ra'ufu ya ci gaba: "Na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi, aka kawo min ƙosai daga gidanku. Na ce bayan sati. Na ce bari Inna ta warke daga zazzaɓi. Daga nan na tattara na koma Maigatari."

"Shi ya sa kake yabon jirgin," in ji Ruƙayyatu. Ba tambaya ta yi ba.

"Mu arba'in da wani abu muka fita da rai, Ruƙayya. Akwai ɗan Gagarawa a cikinmu, yanzu 'ya'yansa biyar. Akwai 'yan Ghana, akwai 'yan Mali. Da ba a jefa ba, ɗaya bayan ɗaya za a fita da mu bayan gini. Ki ce min ƙarya ne."

"Wanda ya jefa, ya san kuna ciki?"

"Ban sani ba."

"Ya san sunan ɗayanku? Ku ya zo ceto, ko akwatunan ya zo ƙonawa?"

"Ko me ya zo yi, na fita."

"Ka fita." Ta gyaɗa kai a hankali. "Da ta gefenka rufin ya sauko, shi ya dawo, da yanzu shi ke zaune a teburin mai shayi yana cewa an kyauta. Matarka kuma tana tsaye a nan inda nake."

Ra'ufu ya ce, "In ba a kyauta ba, to me ya same mu? In ba ceto ba ne, ni mene ne? Mutumin da ya fizge wandonsa daga hannun amininsa, shi ke nan?"

"Ni ba wannan na zo tambaya ba." Ta matso dab da kansa. "Abu ɗaya nake so. Jannat za ta isa aure nan da 'yan shekaru, ba ta san ko marainiya ce ba. Ni ban san ko matar aure ce ni ba. Ba wanda ya taɓa yi min gaisuwa, ba wanda ya taɓa yi masa addu'ar mamaci. Ka ce ka ga ya cika. Ka faɗa, Yaya Sabo shaida ne, in je in yi takabata."

"Ban gani ba."

"Ka ce wutar ta kai inda yake."

"Ban waiwaya ba, Ruƙayya. Washegari an ce 'yan tawaye sun shiga garin, sun tono wasu daga ƙarƙashin gini. An ce wasu sun kai su asibiti, an ce wasu sun harbe su, wai baƙaƙe duk sojojin haya ne. Ban san wanne ne gaskiya ba. Na yi muku ƙarya sau ɗaya. Kada ki sa in tafi da ta biyu."

Ta tsaya tana kallonsa. Daga nan ta ajiye cokalin a kan durowa, ta fita baranda ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta yi kuka ba.

Ra'ufu bai sake magana ba. Washegari da hantsi ya cika, aka kai shi Maigatari aka yi masa sutura kafin sallar Juma'a. Sabo ya tsaya a sahun baya. Da aka zo zuba ƙasa bai matsa ba.

A motar Cindo suka koma Ɗanzomo, shi a gaba, Ruƙayyatu a baya. Gero ya yi kai a gonaki hagu da dama, riɗi ya fara fure. Da suka wuce rabin hanya, Ruƙayyatu ta sunkuyo gaba.

"Me za mu ce wa Inna?" in ji Ruƙayyatu.

Sabo bai juyo ba. "Mutumin da siminti ya danne daga ƙugu, wuta na ci a ɗakin kusa. Ke kin ga hanyar da zai bi ya rayu?"

"Ban gani ba."

"To."

"Amma bai ce ya rasu ba, Yaya."

"Ni da ke kaɗai muka ji abin da ya ce. Cindo yana waje." Ya share fuska da tafin hannu. "Inna ta kusa tamanin. Kullum aka yi sallama a zaure sai ta miƙe. Kin fi ni sani, ke kike kama ta in ta tashi faɗuwa. Haka za ta mutu tana miƙewa?"

Ruƙayyatu ta kalli gonakin da ke wucewa. "Ni ba zan faɗa da bakina ba."

"Ba ke za ki faɗa ba."

Wannan karon an bi komai yadda ake yi. Sabo ya fara zuwa wurin liman, suka zo tare da dattawa biyu, aka zauna a zaure, aka sha ruwa. Sannan aka shiga wurin Inna Kande. Liman ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri kafin Sabo ya buɗe baki. Ya ce Ra'ufu ya yi wasiyya kafin ya cika. Ya ce gini ne ya faɗo wa Saifullahi ranar da jirage suka kai hari, nan take Allah ya karɓi abinsa, da kalmar shahada a bakinsa, Ra'ufu ne ya rufe masa ido.

Inna ta daɗe tana jan carbi. "Bai sha wuya ba?"

"Bai sha ba, Inna."

"Su waɗanda suka jefa abin, me ya yi musu?"

Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Inna ta ce ta sani, tambaya kawai ta yi. Sai ta dubi Ruƙayyatu da ke rakuɓe a bakin ƙofa. "Haka aka yi, 'yar nan? Kina wurin?"

Ruƙayyatu ta sunkuyar da kai. Inna ta ɗauki hakan a matsayin amsa, ta jawo ta jikinta, sai a lokacin kukan ya zo musu su biyu.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa daga Sule Tankarkar, daga Gumel, dillalan kara suka zo mota guda. Ruƙayyatu ta tsefe kitsonta, ta cire 'yan kunne, ta shiga takaba. Mata suna shigowa suna cewa ya haƙuri, tana cewa da godiya, kuma ga mamakinta sai ta ji wani abu yana sauka daga ƙirjinta. Jannat ta zauna kusa da ita riƙe da hoton uban da ba ta taɓa gani ba. A waje, ko a zaman makokin ba a fasa ba: wani malamin makaranta ya ce duk da haka da ba a cire Kanar ba da abin ya fi haka muni, wani tsohon soja ya ce ya rufe masa baki. Sabo yana jinsu. Ya rasa ɓangaren da zai tsaya.

Ranar sadakar uku da hantsi, an gama addu'a ana rabon gumba, ɗan acaɓa ya tsaya a bakin tabarmi. Mutumin da ya sauko dogo ne, siriri, rawani ya rufe masa rabin fuska, takalmansa sun ci hanya. Ya yi sallama da irin Hausar mutanen tsallaken iyaka, ya tsuguna aka shafa fatiha da shi. Sannan ya dubi na kusa da shi.

"Nan ne gidan Kande mai ƙuli, uwar Sabo?"

Sabo ya taso. "Ni ne Sabo. Daga ina?"

"Sunana Hamza. Kamiyo, babbar motar kaya, nake ja tsakanin Agadas da Sabha. Kwana tara ina neman garin nan, jandarmomi ma sun tsare ni kwana biyu a hanya." Ya dubi tabarmin, ya dubi ƙwaryar gumba. "Allah ya jiƙan rai. Tsohuwar ce ta rasu?"

"Ƙanena ne. Saifullahi."

Baƙon ya janye rawanin daga bakinsa a hankali.

"Yaushe?"

Mutanen da ke kusa sun daina tauna.

"Na tambaya ne," in ji Hamza, "don sati uku da suka wuce wasu masu bindiga sun tare ni a bayan Sabha. Suna riƙe da mutane a wani gida. A cikinsu akwai wani gurgu, ba ƙafa ko ɗaya, shi ke yi musu tafinta da Hausawa. Hankalinsa yana zuwa yana tafiya, bai faɗa min sunansa ba. Sunan garin nan ya faɗa, da na tsohuwar, da naka." Ya cusa hannu a aljihu ya fito da wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. "Masu gidan sun ba ni wannan. Sun ce in na same ku, a kira lambar da ke ciki kafin wata ya mutu, a yi maganar kuɗin fansa. Ban san ko naku ba ne. Ni dai an aiko ni."

Sabo bai miƙa hannu ba. A bayansa ya ji motsin labulen zaure. Ruƙayyatu ce tsaye, kanta ba kitso, mayafin takaba a kafaɗarta, ta fito inda bai kamata mai takaba ta fito ba. Daga can cikin gida muryar Inna Kande ta taso, tana tambaya wane ne ya yi sallama.